Yadda Za Ka Hango Shuɗin Wel Alhali Ba Ka Ganin Ƙofar Gidanka

Idan ka shafe shekara arba'in ana yi maka kirari da idon gari, sai kuma aka wayi gari idon ya fara yi maka hazo, kwantar da hankalinka, kuma kada ka gaya wa kowa. Magani ya zo. In ka bi matakan nan yadda na jera su, na ɗauki alkawari za ka ci kaka guda cur a kan duwatsun Picquet na bakin teku kana nuna wa masu lafiyayyen ido inda wel yake, wato ƙatuwar dabbar tekun nan mai kama da kifi, suna yi maka godiya. Ba ƙirƙira na yi ba. Maƙwabcina Clarrie Dunstan ne ya gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Wanda bai san Clarrie ba a Dunsborough baƙo ne. Zamanin da ake jan tarun kifin samon a bakin yashi, shi ake ɗorawa kan tudu ya hango garke, in ya ɗaga hula maza ashirin su ruga su tura jirgi. Da sana'ar ta mutu sai ya shigo cikinmu, 'yan sa-kai masu zaman awa bibbiyu a kan dutse muna rubuta duk wel ɗin da ya wuce: masu doro in sun juyo kudu da 'ya'yansu, sai kuma shuɗi, babban baƙo, in Nuwamba ta kama. Shekararsa saba'in da bakwai, kuma bai taɓa yarda wani ya riga shi ganin komai ba.

Mataki na 1: Ɓoye takardar likita inda matarka ba ta sa hannu

Abin ba ya sallama in zai zo. Na Clarrie ya bayyana ne wata safiya a Afrilu, lokacin da ya tsaya a ƙofar gidan abokinsa Aldo Ferraro ya gaida durom ɗin shara, har ya tambaye shi ya jin ƙafa. Da bai ji amsa ba ya matsa kusa, ya gane da wa yake magana, ya waiga hagu da dama, ya ƙara sauri.

Satin nan ya ce wa matarsa Verna zai je Busselton sayen zaren fatsa. Likitan ido ya haska shi, ya ce yanar ido ce a duka biyun, na hagu ya fi nisa. Aikin bai kai rabin awa ba, in ji shi, amma kafin a yi a ajiye tuƙi. Clarrie ya ce to. A ransa kuwa ubansa yake gani, wanda aka yi wa aikin ido a wancan zamani, aka kwantar da shi kwana goma da buhunan yashi a gefen kai don kada ya motsa, ya tashi bai sake ganin teku ba har ya mutu. Clarrie ya ninke takardar gida huɗu, ya tura ta ƙasan akwatin ƙugiyoyinsa.

Ka lura da hikimar. Kowane gida akwai wurin da uwargida ta rantse ba za ta taɓa ba saboda ƙarni. Nemo naka.

"Ina zaren?" in ji Verna da ya dawo.

"Babu irin nawa."

"Awa huɗu kana neman zare, tsoho?"

"Kin san yaran kantin yanzu. Ba su san komai ba."

Ɗora wa yaran yanzu. Ba su taɓa zuwa su musa ba.

Mataki na 2: Zaɓi abokin zama mai baki

Kada ka zauna da mai kunya, wanda in ya hango abu sai ya rubuta shiru. Wannan zai kashe ka. Nemi wanda idonsa da bakinsa igiya ɗaya ta haɗa su.

Da Satumba ta zo aka raba lokutan zama, Clarrie ya nace sai an haɗa shi da Aldo, tsohon magini, abokinsa tun suna samari. Ya kuwa taki sa'a, don a kakar nan Aldo ya ƙaro murya da yawan bayani. Da can "ga ɗaya" yake cewa ya yi shiru. Yanzu sai ya miƙe tsaye: "Mai doro! Dama da jar alamar nan, kamar taku ɗari uku, uwa da ɗa, sun nufi tsauni!" Clarrie ya ce a ransa, Allah sarki, kunnen Aldo ya fara tafiya, tsufa ba daɗi.

Ga yadda za ka yi. In ya yi ihun, ƙirga biyu a zuci. Kada ka ɗaga madubin hangen nesa da sauri kamar baƙo. Kurɓi shayinka, sannan ka ce da muryar wanda aka gundura: "Sai yanzu ka gan su? Tun suna bayan tsauni nake bin su."

"Kai dai ba a iya maka, mutumina," Aldo zai ce. Haka ya riƙa cewa kullum.

Mataki na 3: Kada ka nuna da yatsa

Yatsa shaida ne, yana kama mutum. Nuna da haɓa, ko ka kaɗa hula daga wannan gefen teku zuwa wancan ka ce, "Can tsakanin nan." Teku na da faɗi, kuma a watan Oktoba duk inda ka kaɗa hula akwai mai doro a ƙarƙashinta.

Masu yawon buɗe ido sun fi wahala, don tambayarsu ba ta da ladabi. Wata za ta dafa ka ta ce, "Baba, wane kifi ne wancan mai ɗaga wutsiya?" Kada ka duba. Juyo ka fuskance ta da ɓacin rai ka ce, "Da farko dai, 'yar nan, ba kifi ba ne. Nono take bai wa ɗanta, iska take shaƙa kamar ni da ke." Ja zancen. Kawo tafiyarsu daga ruwan ɗumi na arewa zuwa ƙanƙarar kudu, kawo watannin da uwa take yi ba ta ci komai ba. Kafin ka gama, ko wel ɗin ya nutse, ko Aldo ya faɗi sunansa. Clarrie ya yi wannan lacca sau ɗari a kakar nan, har wata mata daga Perth ta aiko masa da kek ɗin kwakwa.

Mataki na 4: Sa kunne aiki, amma kada ka ba shi lada a bainar jama'a

An ce gani ya kori ji. Wanda ya faɗa idonsa ƙalau ne. Da safe, kafin iskar teku ta taso, ruwan yana kwanciya kamar faranti kuma sauti yana tafiya a kansa. Hucin mai doro gajere ne, kamar doki ya yi firji. Na ɗansa kamar atishawa. Na shuɗi dogo ne, mai zurfi, kamar an kwance iskar tayar babbar mota.

Clarrie ya san wannan tun da, amma bai taɓa buƙatarsa ba sai a kakar nan. Sai ya riƙa jingina da dutse yana rufe ido gaba ɗaya, ya ce, "Biyu manya, ɗaya ƙarami, hagu." A duba a same su. Mutane suka ce tsohon nan ya kai inda ba ya ma buƙatar kallo. Ya ce abin da babba ya hango a zaune, yaro ko ya hau tsauni ba zai gani ba.

A nan sai ka yi hattara. Yabo yana sa mutum ya manta cewa ƙarya yake yi.

Mataki na 5: In ka yi kuskure, ce gwaji ne

Wata Laraba Aldo ya koma mota ɗauko filas, daidai lokacin da bas ta sauke tsofaffi goma sha biyar daga gidan kula da su. Mai rakiyarsu ta ce, "Ga wanda na ba ku labari." Suka kewaye Clarrie. Da mutum mai hankali ne da ya fara lacca har Aldo ya dawo. Amma ya hango wani baƙin dunƙule yana lilo a kan ruwa kusa da gaɓa, da ƙaramin dunƙule a gabansa, sai girman kai ya rufe shi.

"Kun yi sa'a," ya ce ƙasa-ƙasa. "Uwa ce da jaririnta, suna hutawa. Kowa ya yi shiru, kada a firgita su."

Mutum goma sha biyar suka tsaya cik, wasu da sanduna, wata tsohuwa har da hawaye. Minti goma ana kallon ikon Allah. Sai uwar ta ɗaga hannu ta kaɗa musu, jaririn kuma ya yi haushi.

Lofty Kearns ne, mahaucin gari, a cikin ɗan kwalekwalensa da baƙar rigar ruwa, da karensa a gaba.

Clarrie ko gezau. "Madalla," ya ce. "Mutum nawa ne suka gane tun farko? Babu? To wannan shi ne darasin yau. Ba kowane mai doro ne wel ba." Suka yi dariya har da tafi. Lofty ne kaɗai ya yi asara, don har yau in ya shigo mashaya sai wani ya tambaye shi ya jego.

Mataki na 6: Mota

A nan ba ni da wasa, kuma ba ni da dabarar da zan ba ka.

Ƙarshen Oktoba Clarrie ya taso daga dutse da tsakar rana a tsohuwar a-kori-kurarsa. Hanyar nan ta cikin daji ya san kowace kwanarta, da ƙwaƙwalwa yake bin ta ba da ido ba. Rana ta doki gilashi, komai ya koma fari. Ya ga wani abu tsaye a gefen titi ya ɗauka turken alama ne, sai turken ya tako kan kwalta. Ya taka birki da ƙafa biyu, motar ta ja gefe ta cusa hanci cikin yashi.

Wata matashiya ce da keken jariri. Tsakanin tayarsa da tayar keken bai fi taƙi ɗaya na hannu ba. Ta zage shi tas, jaririn na tsala kuka, kuma duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Bayan ta tafi ya zauna riƙe da sitiyari kusan rabin awa. Ya ja motar a hankali kamar mai rakiyar gawa har gida.

"Birkin ya lalace," ya ce wa Verna.

Ta dube shi, ta dubi yashin da ke gaban motar. Ta karɓi makulli, ta shiga, ta yi baya, ta taka birki, motar ta tsaya cak. Ta daɗe a ciki ba ta fito ba. Da ta fito sai ta jefa makullin a jakarta.

"Daga gobe ni zan riƙa kai ka. Ina son shan iska."

Shekara hamsin da biyu suna tare, matar nan ba ta taɓa yin minti goma a kan duwatsun ba saboda ƙudaje. Clarrie bai yi musu ba. Wannan kaɗai ya isa ya gaya mata komai.

Mataki na 7: Roƙi Allah kada bakin abokinka ya mutu

Duk dabarar nan a kan ƙafa ɗaya take tsaye, wato Aldo ya yi magana. Ba wanda ya yi tunanin akwai ranar da zai kasa.

Ranar sha tara ga Nuwamba ce, wajen ƙarfe tara na safe. Babu iska ko ta kaɗa gashi. Mu biyar ne a wurin da baƙi biyu, Verna na can gefe tana korar ƙuda da jarida. Sai aka ji hucin. Dogo, mai zurfi, kuma kusa ƙwarai, har Clarrie ya ji shi a ƙirjinsa kafin kunnensa. Bayansa wani ya biyo, irinsa sak amma siriri.

Clarrie ya gane sautin. Shuɗi ya gani da yawa a rayuwarsa, amma daga nesa, feshi kawai da ɗan baya. Uwa da ɗa a gindin dutse kuwa, shekara arba'in yana jira. Ya ƙirga biyu. Shiru. Ya ƙirga biyar. Aldo na tsaye ya cire hula ya rungume ta a ƙirji, baki buɗe, ko "a" ya kasa cewa.

Clarrie ya ɗaga madubi. Fari fat, kamar ya leƙa cikin kwanon madara. Duwatsu sun mayar da sautin, bai san ta ina ya fito ba. Ya juya dama yana kallon ruwan banza da fuskar masani, alhali kowa na kallon hagu.

Sai ya ji hannu a haɓarsa. Verna ta juyar da fuskarsa a hankali.

"Nan ne, tsoho."

Ya sauke madubin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Verna, ba na gani."

"Na sani."

"To gaya min. Yi sauri."

"Doguwa ce."

"Haba, doguwa kamar me? Ke ma dai!"

"Kamar daga ƙofarmu zuwa gidan Aldo, har da garejinsa. Kada ka yi min tsawa, ban taɓa gani ba. Tana ƙarƙashin ruwa yanzu, launin tayil ɗin banɗakin nan da mamanka ta zaɓa. Ga ta tana tasowa. Wayyo Allah, Clarrie!"

Hucin ya sake fashewa, warinsa ya iske su, ƙarni mai nauyi. Clarrie ya shaƙe shi kamar turare.

"Feshin ya yi tsawo?"

"Ya fi turken lantarki. A miƙe, bai baje ba."

"Bayanta fa? Duba can kusa da wutsiya, akwai ɗan fiffike?"

"Tsaya, bayan bai gama wucewa ba. Bai gama ba. Har yanzu. Yauwa, ga shi, ɗan mitsitsi, kamar mantawa aka yi aka liƙa daga baya."

"Ita ce," ya ce. "Ɗan fa?"

"Yana manne da haƙarƙarinta. Ya kai motarka biyu. Ya shige ƙarƙashinta. Bai fito ba. Ga shi ya ɓullo ta ɗaya gefen."

"Nono yake sha," in ji Clarrie. "Nono yake sha a gabana."

Sau shida suka yi huci, Verna na faɗa yana gyara mata, har suka zagaya tsauni sauti ya yi nisa. Ba wanda ya rubuta komai. Clarrie ya zauna a kan dutse yana murza idon da bai yi masa rana ba.

"Tun yaushe kika sani?" ya ce.

"Takardar? Tun ranar birki. Akwatinka na cikin mota, na buɗe."

"Kin ce yana ƙarni."

"Yana yi. Ita ma takardar ta ɗauka."

Aldo ya share fuska da hula ya ce, "Ni tun Afrilu. Ina taga lokacin da kake tambayar sharata ya ƙafa. Wata uku ke nan ina ihu kamar mai tallar kifi, maƙogwarona ya ƙone. Ka ɗauka haka Allah ya yi ni?"

"Kai kuma da ni da kai akwai magana," in ji Verna. "Ka sani ka bar shi yana tuƙi." Aldo ya sunkuyar da kai kamar ɗan makaranta. Ta juyo kan mijinta. "Na kira likitan. Huɗu ga Disamba."

"Wa ya ce zan je?"

"Ba wanda ya ce."

Ya juya ya fuskanci inda hucin ya ɓace. Can ya ce, "Ƙarfe nawa?"

Mataki na 8: In asiri ya tonu, riƙe girmanka da abin da ya saura

Minti ashirin aka yi ana aikin. Clarrie ya fito da auduga a ido yana faɗa, wai wannan ɗan abin ne ya hana shi sakat wata takwas, ai raini ne. Ɗaya idon aka yi a Janairu. Ya ga ganyen bishiya ɗaya-ɗaya, ya ga fentin gidansa ya ɓare, ya ga fuskarsa a madubi ya ce wannan ba da shi aka shirya ba. Ya hau dutse da sabbin idanu ya tarar da teku fayau, don duk wel ɗin da ke da hankali ya riga ya kai kudu.

Uwar nan da ɗanta ba su sake biyowa ta gindin dutse ba, kuma mai yiwuwa ba za su sake ba a zamaninsa. Ya san haka. Wani lokaci da yamma yakan ce Verna ta sake ba shi labarin, ita kuma duk bayarwa sai wel ɗin ya ƙara tsawo. Yanzu ya wuce gidan Aldo ya kusa kai wa kantin Lofty.

Da Satumbar bana ta zo aka haɗa ni zama da shi. Ranar farko na kurɓi shayi, na kaɗa hula wajen wani duhu a kan ruwa na ce, "Mai doro, can tsakanin nan." Bai ɗaga madubi ba. Ya matso da kujerarsa, ya rage murya yadda baƙi ba za su ji ba.

"Wally, inuwar gajimare ce," ya ce da ni. Ya tura min wata 'yar takarda mai lambar likitan ido a aljihu. "Verna ta ce Talata akwai wuri a motarta zuwa Busselton."

Gargaɗi

Marubucin nan ba likita ba ne, ba masanin teku ba ne, kuma bai aiki kowa ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya gaida shara, ko ya mai da mahauci mai jego, ko babban baƙo ya wuce ta gabansa yana kallon wani gefen, shi ya jiyo, shi zai ɗauka. Wanda kuma ya kama sitiyari da ido mai hazo, ba ni ba shi har abada. Kada a zo ƙofata da ƙorafi. In ma an zo, a faɗi suna da ƙarfi, don ba lallai in gane mai sallama ba sai bayan Talata.